Yadda Fim Marar Magana Ke Shafa wa Mutum Kashin Kaji: Fashin Baƙi Kan "The Goat" na 1921

Labarin da aka ɗauki wani a matsayin wani yana da sauƙin faɗa da baki, amma yana da wuyar nunawa da hoto kaɗai. Mai tatsuniya zai ce "sai suka zaci shi ne", shi ke nan an wuce wurin. Mai shirya fim a zamanin da ba a fara haɗa hoto da sauti ba, ba shi da wannan gata. Dole mai kallo ya ga kuskuren da idonsa a daidai lokacin da yake faruwa, ya san wanda ya ruɗe da wanda bai ruɗe ba, kuma ya riƙe wannan a kansa har ƙarshen fim. Ana iya sako allon rubutu a tsakanin hotuna don ƙarin bayani, amma duk rubutun da aka sako yana tsayar da gudun labari, kuma masu kallo da yawa a Amurka a wancan lokacin baƙi ne daga wasu ƙasashe da Turancinsu bai nuna ba. Saboda haka gwanintar mai ba da umarni ita ce ya rage rubutu, ya bar ido ya yi aikin.

Gajeren fim ɗin ɗan wasan barkwanci Buster Keaton mai suna The Goat, wanda ya fito a Amurka a 1921, yana cikin waɗanda suka fi iya warware wannan matsala. Keaton ne ya shirya shi tare da Malcolm St. Clair, Joseph M. Schenck ya ɗauki nauyi, kamfanin Metro ya rarraba, Elgin Lessley kuma ya riƙe kyamara. Yana cikin gajerun fina-finai 19 da Keaton ya yi tsakanin 1920 da 1923. Sunan fim ɗin na nufin akuya, amma babu ruwansa da dabba. A maganar Amurkawa, "akuya" shi ne wanda aka ɗora wa laifin da wani ya aikata.

Kafin a shiga labarin, yana da kyau a san faɗin filin da suke da shi. A wancan lokacin ana auna tsawon fim da naɗi, wato zaren fim da aka naɗe a kan faifai. Naɗi ɗaya na fim mai faɗin milimita 35 yana ɗaukar kimanin ƙafa 1,000, wato mita 305, kuma kowace ƙafa tana ɗauke da hotuna 16. Naɗi ɗaya ke nan hotuna 16,000. The Goat naɗi biyu ne, don haka iyakar abin da zai iya ɗauka hotuna 32,000 ne, wanda bai kai rabin awa ba a saurin da aka saba haska irinsa. A cikin wannan ɗan lokaci ake son a ƙulla ruɗani, a haɗa saurayi da budurwa, a yi tsere, a kuma rufe labari. Babu wurin ɓata ko minti ɗaya.

Hanyoyin ƙulla ruɗanin kamanni a fina-finan wancan zamani ba su da yawa. Akwai sojan gona, inda jarumi da kansa yake shiga rigar wani. Charlie Chaplin ya yi haka a A Jitney Elopement na 1915, inda ya je gidan su budurwarsa a matsayin attajirin basaraken da mahaifinta yake so ta aura. Akwai kuma kama ta jini, irin ta tagwaye, wadda Keaton ya yi amfani da ita a The Play House a wannan shekara ta 1921, har sai da jarumin ya zana wa budurwarsa alama a ƙeya don ya daina ruɗa ta da 'yar'uwarta. A sojan gona jarumi maƙaryaci ne, abin da mai kallo ke jira shi ne ranar da asiri zai tonu. A tagwaye babu mai laifi, ido ne kawai ke yaudarar mutane. The Goat ya bi wata hanya dabam, kuma a ganina ita ce ta fi ƙarfi. Jarumin, wato Buster, wanda Keaton da kansa ya fito a matsayinsa, da mai laifin ba su yi kama ba ko kaɗan, ko a tsawo ko a fuska. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane, to a nan ko kamar ma babu. Takardar hukuma ce ta ce shi ne, kuma gari ya yarda da takarda.

Ga yadda aka ƙulla shi. An kama wani mai kisan kai da ake kira Dead Shot Dan, wanda St. Clair da kansa ya fito a matsayinsa, an zaunar da shi gaban kyamara za a ɗauki hotonsa don ajiyar 'yan sanda. A bayansa akwai taga mai sandunan ƙarfe da ke kallon titi. Buster, wanda yawo kawai yake yi da yunwa a cikinsa, ya zo wucewa sai ya kama sandunan ya leƙa ya ga me ake yi. Mai hoto ya juya hankalinsa wani wuri. Dan ya kauce da kansa daga gaban kyamara, ya taɓa abin ɗaukar hoton, kyamara ta ɗauki fuskar Buster da hannayensa riƙe da sanduna. Babu wanda ya lura, har shi Buster ɗin.

Abubuwa da dama ne suka sa wannan fitowa ta yi aiki, kuma da an rasa ɗaya da ta rushe. Na farko shi ne jeri. Kyamarar mai hoto, da kan Dan, da tagar da Buster yake leƙowa suna kan layi ɗaya, ta yadda mai kallo zai gane da kansa cewa idan na tsakiya ya kauce, na baya ne zai shiga hoto. Ba a buƙatar rubutu. Sai kuma sandunan. Mutumin da ke tsaye a waje yana leƙen ciki, da mutumin da ke kulle a ciki yana leƙen waje, hotonsu iri ɗaya ne, domin hoto ba ya nuna wane ɓangaren sanda ne kurkuku. Wannan ita ce zuciyar dabarar. Da Buster ya leƙo ta taga marar sanduna, da hoton bai ce komai ba. Sannan akwai niyya: an nuna Dan yana aikata abin da gangan, don haka mai kallo yana da wanda zai ɗora wa laifi, kuma tausayinsa ya koma kan Buster tun daga nan.

Mai ƙwaƙƙwafi zai iya cewa kyamarar da aka saita a kan fuskar na kusa ba za ta fito da fuskar na nesa tar ba. Gaskiya ne, kuma fim ɗin ya wuce wurin da sauri don kada a tsaya tunani. Akwai ma wani abin da ya fi wannan. Tun shekarun 1880 Alphonse Bertillon ya tsara wa 'yan sandan Faris hanyar ɗaukar hoton mai laifi sau biyu, ta gaba da ta gefe, tare da awon kai da hannu da ƙafa, kuma 'yan sandan Amurka sun ari tsarin. Da an bi shi, hoto na biyu zai ƙaryata na farko nan take. Fim ɗin ya bar hoto ɗaya tak, domin da shi kaɗai labarin zai tsaya. Masu kallo na 1921 sun saba ganin hotunan waɗanda ake nema a jarida da bango, kuma sun saba ɗaukar hoto a matsayin shaidar da ba a ja da ita. Da wannan yarda tasu aka yi wasa.

Abin da ya biyo baya shi ne inda marubuta da yawa ke yin gaggawa su ɓata. Bayan an dasa ruɗanin, fim ɗin bai taɓa shi ba na tsawon lokaci. An bar mai kallo da sanin abin da ke tafe, an tafi wata sabga. Buster ya ga takalmin doki na ƙarfe a ƙasa ya shure shi. A camfin Turawa wannan ƙarfe yana kawo sa'a, kuma wani da ya zo bayansa ya ɗauka ya jefa ta bayan kafaɗa, bai yi nisa ba ya tsinci walat cike da kuɗi. Buster ya koma ya nemo ƙarfen, shi ma ya jefa, sai ya sauka a kan ɗan sanda. Daga nan tsere ya fara, 'yan sanda suka ƙaru, har ya yaudare su suka shiga bayan wata babbar mota ya rufe su a ciki. Duk wannan ba shi da alaƙa da hoton. Amfaninsa shi ne ya mai da Buster mutumin da ke gudun 'yan sanda tun kafin ya san akwai babban dalili. Idan daga baya aka gan shi yana ɓuya, halinsa zai yi daidai da na mai laifi.

A tsakiyar wannan gudun ne soyayya ta shigo. Ya ga wani mutum yana yi wa wata budurwa mai yawo da kare rashin mutunci, ya shiga tsakani ya kayar da mutumin ƙasa. Virginia Fox ce budurwar. Haɗuwar gajeriya ce ƙwarai, amma aiki biyu ta yi. Ta ba yarinyar dalilin ganin girmansa, ta kuma bar wani mutum kwance a ƙasa wanda Buster bai tsaya ya ga yadda ya ƙare ba.

Sai jirgin ƙasa. 'Yan sandan nan sun sake cim masa, ya hau jirgi, ya cire mahaɗin da ke tsakanin kan jirgi da taragai, ya bar su a baya. Hoton da ya biyo baya yana cikin waɗanda aka fi tunawa da su a duk aikin Keaton: kan jirgi ya taso daga nesa yana nufo kyamara kai tsaye, yana girma yana girma, har ya tsaya daf da ita, sai ga Buster zaune a kan ƙarfen gaba, ana ganinsa kusa-kusa. Ana yawan yabon wannan hoto don kyansa, amma yana da aiki a cikin labari. Ya kawo fuskar nan kusa, ya dasa ta a idon mai kallo, daidai lokacin da za a fara ganinta a jaridu da bangon sabon garin da ya sauka. Dan ya tsere daga hannu, an buga hoton da ke cikin ajiya, kuma hoton na Buster ne.

Nan ne tambayar da ke kashe irin wannan labari take tasowa: me ya hana shi ya je ya ce ba shi ba ne? Duk labarin ruɗani da jimla ɗaya za ta iya warwarewa, mai kallo zai gaji da shi. Maganin da suka yi shi ne ƙara ruɗani na biyu a kan na farko. Da Buster ya ga hotonsa an rubuta ana nemansa da laifin kisa, bai san komai game da Dan da kyamara ba. Abin da ya faɗo masa shi ne mutumin da ya kayar saboda yarinyar nan, ya ɗauka mutuwa ya yi. Yanzu gari ya yarda shi mai kisa ne bisa dalilin ƙarya, shi ma ya yarda da hakan bisa wani dalilin ƙarya dabam. Mai kallo kaɗai ya san duka biyun kuskure ne. Ba zai je ya wanke kansa ba, domin a ransa bai ga abin wankewa ba. Kuma a lura, taimakon da ya yi wa budurwar ne ya zama igiyar da ta ɗaure shi, don haka soyayyar da ruɗanin sun zama abu ɗaya.

Ƙananan barkwancin da ke cikin fim ɗin ma kusan duk a kan wannan jigo suke, wato abu ya yi kama da abin da ba shi ba. Tun a buɗewa Buster ya shiga layin karɓar burodin sadaka, ya tsaya a bayan mutane biyu da ba sa motsi, ashe mutum-mutumin shagon tufafi ne, kafin ya farga an rufe rabo. Daga baya ya shige cikin wata taya da ya zaci safayar mota ce don motar ta tafi da shi, motar ta tashi ta bar shi, ashe tayar ta tallan shago ce. Ya hau kan dokin laka da wani mai sassaƙa zai nuna wa jama'a, ya ƙame kamar shi ma gunki ne, sai ƙafafun dokin suka fara lanƙwashewa a hankali saboda nauyinsa. Wani lokaci shi ake yaudara, wani lokaci shi ke yaudara, amma mai kallo yana ta samun horo ɗaya: kada ka yarda da ganin farko.

Duk wannan ya dogara da a gane fuskar Buster nan take, ko daga nesa, ko a ƙaramin hoton jarida. Zaren fim ɗin da ake ɗaukar hoto da shi a lokacin ba ya ganin launin ja, yana mai da shi baƙi, shuɗi kuma yana fitowa fari-fari. Fatar da ke da ɗan ja sai ta fito da duhu da dabbare-dabbare, shi ya sa 'yan wasa ke shafa hoda mai haske, a zagaye ido da baƙi. Fuskar Keaton fara ce, ba ya murmushi, ba ya yamutsa ta, don haka yadda take a takarda haka take a titi. Ga kuma hularsa mai faɗin kai. Da kansa yake gyara ta: ya sami hular kamfanin Stetson ya rage mata tsawo, ya jiƙa bakinta da ruwan sukari don ya ƙame. Ɗan wasan da ke canza fuska kowane daƙiƙa ba zai dace da wannan labari ba.

Shugaban 'yan sandan garin, wanda Joe Roberts ya fito a matsayinsa, ƙato ne da ya ninka Keaton a jiki, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa bayani. Bayan Buster ya sha da ƙyar a hannunsa, sai ya sake haɗuwa da budurwar nan, ta gayyace shi cin abinci a gidansu. An zauna a tebur, sai ga maigida, kuma shi ne shugaban 'yan sandan. An gudu ba a tsira ba. Wannan shi ne babban aikin da soyayya ta yi a fim ɗin: duk tseren da aka yi a fili bai kama Buster ba, gayyatar yarinya ce ta kai shi ɗaki ɗaya da mai nemansa. Uban ya sallami matan, ya kulle ƙofa. Buster ya taka kujera, ya taka tebur, ya taka kafaɗar uban, ya yi tsalle ya fice ta 'yar tagar da ke saman ƙofa. An ɗauki wannan daga nesa, jiki duka a cikin hoto, ba tare da yankawa a tsakiyar tsallen ba. Keaton ya tashi a dandalin wasa tun yana ƙaramin yaro tare da iyayensa, inda faɗuwa da tsalle su ne sana'ar gidan, kuma ya san cewa da zarar an yanka hoto a tsakiyar motsi, mai kallo zai zargi an yi ha'inci.

Tseren ƙarshe a cikin benen da gidan nasu yake aka yi shi, tsakanin matakala da lif, wato na'urar hawa da sauka a bene. A nan ya shiga rumfar tarho ya riƙa durƙusawa a hankali, ta yadda ta gilashi za a zaci lif ne ke sauka da shi. Daga ƙarshe ya kama allurar da ke nuna hawan da lif yake, ya murɗa ta sama, sai lif ɗin ya bi allura ya fasa rufi da uban a ciki. A zahiri allura ce ke bin lif. An juya abin, alama ta zama ita ke juya gaskiya, kuma abin da hoton 'yan sanda ya yi wa Buster ke nan tun farko.

Dole a faɗi inda fim ɗin ya gaza. Virginia Fox ba ta sami abin yi sosai ba. Ba a nuna abin da take tunani game da hoton da ke bango ba, kuma ba a ba ta lokacin da za ta yi shakka ko ta zaɓa tsakanin ubanta da saurayin ba, alhali nan ne labarin soyayya yake da nama. Naɗi biyu ba su ishi tsere da wannan duka ba, kuma Keaton tsere ya zaɓa. Haka nan ba a warware ruɗanin ba. Ba a ga an sake kama Dan ba, ba a ga an wanke Buster ba. Sun fito titi shi da ita, ya ga allon wani shagon kayan ɗaki da ke cewa kai ka kawo yarinya, mu za mu haɗa maka gida, sai ya saɓe ta ya shiga shagon. Dariyar tana cikin kalma ɗaya ta Turanci da ke nufin kawowa da kuma ƙawata gida, don haka ba ta cika fita a wani harshe ba. Wannan na daga cikin wurare ƙalilan da fim ɗin ya jingina da rubutu.

Wanda zai nemi fim ɗin ya kalla yau zai tarar da kwafi iri-iri a intanet, tsawonsu ma bai zo ɗaya ba, kuma akwai dalili. Da hannu ake juya kyamarar wancan zamani. Juyi ɗaya yana ɗaukar hotuna 8, juyi biyu a daƙiƙa ya ba da 16. A wurin tsere mai kyamara yakan rage saurin hannunsa da gangan. Idan ya ɗauki 12 a daƙiƙa aka haska a 18, motsi zai ƙaru da rabi. Mai majigi a sinima shi ma yana da nasa saurin, domin ba a tsayar da 24 a daƙiƙa ba sai da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920. Hotuna 32,000 a saurin 24 suna ƙarewa cikin minti 22 da 'yan daƙiƙoƙi. A saurin 20 suna kaiwa kusan minti 27, a 16 kuma sun haura minti 33. Idan an yi sauri da yawa, kaucewar kan Dan takan wuce kafin ido ya kama ta. Idan an yi jinkiri da yawa, tsallen tagar ya yi nauyi kamar ana iyo.

Sai yanayin kwafin kansa. Asalin zaren fim ɗin wancan lokaci na wani sinadari ne da ake kira naitiret, mai kama wuta da ruwa ba ya saurin kashewa, kuma idan ya tsufa yakan yi ruwan ɗorawa, ya yi danƙo, daga ƙarshe ya zama gari. Binciken da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun ɓace gaba ɗaya. Waɗanda suka tsira, da yawa kwafi ne daga kwafi, kuma kowane kwafe yana ƙara wa fari fari, baƙi baƙi, yana cinye abin da ke tsakani. A irin wannan kwafi fuskar Buster a takardar 'yan sanda takan zama farin tabo. Akwai kuma matsalar yanke gefe. Hoton asali faɗi 4 ne a tsawo 3, kuma masu son ya cika allon zamani sukan datse sama da ƙasa, inda tagar saman ƙofa da allurar lif suke. Hanya mafi sauƙi ta gwada kwafi ita ce a tsaya a wurin da aka fara nuna takardar neman mai laifi. Idan ana iya ganin idanun Buster da yatsunsa a kan sanduna, kwafin zai ɗauki labarin. Idan ba a gani, a nemi wani.